Albasa Ce, In Ji Yaya

Ranar sadakar uku ta mahaifiyata wani abu ya faru a zauren gidanmu na Jibiya da ya sa sabon limamin unguwa ya rasa inda zai sa fuskarsa. Wani tsohon ɗan dako ya zo gaisuwa daga Magama, ƙaton mutum, wanda ya shekara talatin yana sauke buhuna a bakin iyaka ba a taɓa jin ya ce wash ba. Ya durƙusa gabana, ya fara addu'a, sai hawaye suka gangaro har cikin gemu. Ya ja bakin riga ya share, ya dubi jama'a a kunyace, ya ce, "Albasa ce." Zaure ya kwashe da dariya. Direbobi suna dariya suna share nasu idon, har da wani tsohon ma'aikacin kwastan da ya zo da sanda.

Cikin gida ma ashe haka ake ta yi tun safe. Ƙanwata ta ce duk matar da ta fashe da kuka sai wata ta leƙa ta tambaye ta wa ya yanka albasa, sai kuka ya koma dariya, can a jima dariyar ta koma kuka. Da jama'a suka ragu liman ya matso kusa da ni, cikin ladabi, ya ce shi dai bai taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba, ko akwai abin da bai sani ba. Na ce akwai, amma ba zai faɗu a zaune ɗaya ba. Daga baya na yi tunani, nan da 'yan shekaru maganar za ta ci gaba da yawo a tasha, yaran mota suna faɗinta, ba wanda ya san daga bakin wa ta fito. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk da cewa ni direban babbar mota ne, sitiyari na iya riƙewa ba alƙalami ba.

Kowa Inna yake ce mata, ni kaɗai nake ce mata Yaya. Ni ne ɗan farinta, kuma a wajenmu mace tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata a Daddara, na tashi cikin ƙannen mahaifiyata, suna ce mata Yaya, ni ma na ɗauka, har na yi furfura ban sake ba. Wasu matan sukan sassauta in ɗa ya girma. Yaya ta riƙe abin kamar farilla. Ƙannena shida tana kiran su da suna, ta zage su, ta ja kunnensu, ta tsokane su. Ni kuwa in ta matsu sai ta ambace ni, sai ta ce "wancan", da na fara tuƙi kuma na samu ƙarin girma na zama "direban ga". In zan yi tafiya na je sallama, tana duban tukunya za ta ce Allah shi kiyaye, shi ke nan.

Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce. Amma abin da kai ya sani daban, abin da zuciya ta yarda da shi daban. Na kai shekara arba'in da ɗoriya, da mata da 'ya'ya, ina ɗauke da tambaya ɗaya da nake jin kunyar faɗa wa kowa: wai ina cikin ran matar nan kuwa?

Rumfarta tana Magama, dab da shingen kwastan, inda motoci ke jeruwa suna jiran takardu. Shinkafa da wake take sayarwa, da mai da yaji, da tulin yankakkiyar albasa a sama. A tafin hannu take yanka ta, da wata 'yar wuƙa da ƙotarta ta tsage aka naɗe da robar taya, tana yanka tana faɗa da mutane, ba ta ko duba hannun. Ba ta iya ba da abinci da daɗin baki ba. In ta ga yunwa a fuskar mutum sai ta ƙara masa ludayi biyu, ta dangwara masa kwano ta ce ya ci ya ba ta wuri. Lokacin da aka rufe iyaka direbobi suka maƙale makonni, 'yan can da 'yan nan, ba ta sauke tukunya ba. Wani ya ce mata ai waɗancan ba mutanenmu ba ne, ta ce masa ita ba ta taɓa ganin ciki mai katin ɗan ƙasa ba. Kuma ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Ranar da mahaifinmu ya rasu ita ce ke tsawata wa masu kuka, tana cewa su bar mutum ya tafi da sauƙi.

Mai kawo mata albasa ita ce babbar ƙawarta, wata 'yar kasuwa daga Maraɗi da muke ce wa Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Duk ranar kasuwa sai ta tsallako da buhunanta. Gwaggo ita ce mutum ɗaya a duniya da ke iya ce wa Yaya ƙarya take yi, ta kuma kwana lafiya.

Yaya ta kusa sittin lokacin da abin ya fito mata. Wani ɗan ƙullutu ne a fatar idonta na hagu, ta sama, can gefen da ke wajen kunne. Ba ya ciwo, sai nauyi. Abin mamakinsa shi ne ba ya zama wuri ɗaya: yau kamar ƙwayar gyaɗa, gobe ya cika ya danne idon har ya kusa rufewa, bayan kwana biyu kuma ya sace. Mata suka ce hazbiya ce, ƙurjin nan da ke fitowa a bakin ido. Aka yi gashi da ruwan ɗumi, aka sa kwalli, aka ɗiga maganin kemis kala-kala, ko gezau. In aka tambaye ta me ya kumbura shi yau, amsarta ɗaya ce kullum, albasa ce. Wa zai yi musu da matar da ke yanka kwando guda kafin hantsi?

Akwai wani wanzami daga Bugaje, ɗan kawunta ne, abokin wasanta. Ya zo ya duba ya ce wannan ai aikin minti ɗaya ne. Ya huda da tsinin aska, sai ga ruwa fari tas ya tsiyayo, babu mugunya, babu jini. Ƙullutu ya faɗa nan take, wanzami ya zagaya tasha yana cika baki. Bayan mako biyu abu ya dawo har ya fi da. Ya sake hudawa, ya sake dawowa. Tun daga nan duk ranar da ya gifta ta gaban rumfa sai Yaya ta ɗaga murya ta ce a ba mai huda ruwa hanya. Bawan Allah har ya canza hanyar zuwa kasuwa.

A cikin waɗannan shekarun ne muka yi faɗanmu, ni da ita, in har za a kira shi faɗa tunda ni kaɗai na yi. Motata ta kife da ni can bayan iyaka, na karye a cinya, aka kai ni gidan mai ɗori a Gangara na kwanta wata biyu. Duk wanda na sani ya zo duba ni, har mutanen da muke gaba da su. Yaya ba ta tako ba. Abinci dai yana zuwa kullum, amma ni ba abinci nake jira ba, ƙofa nake kallo. Matata ta gaya mini a makon farko idon Inna ya kumbura har ya rufe ruf, da ɗaya take gani. Na ce hazbiyarta ce ta motsa, na juya na ci gaba da fushina. Allah ya ba ni ido biyu lafiyayyu, amma a wannan magana makaho ya fi ni.

Da na warke na rama ta hanyar da na san za ta ji. Na koma cin abinci a rumfar maƙwabciyarta, ina zaune daidai inda za ta gan ni. Wata uku ina haka, Yaya ba ta ko dubi inda nake ba. Ran nan maƙwabciyar ta gaji, ta tsaya kaina ta riƙe ƙugu.

"Kai dai tashi ka koma inda ka hito. Kwanon da kaka ci nan kullum, daga can aka aiko shi ta baya. Ta ce cikinka bai son yaji, ni ko hannuna yaji gare shi."

Na dubi kwanon, na dubi rumfar Yaya. Tana can ta ba ni baya tana yanka albasa. Washegari na koma bencina na da, ta dangwara mini kwano ta ce wa iska a gaya wa direban ga ya ci ya ba ta wuri. Na ji sanyi, ban musa ba. Amma shaiɗan bai bar ni ba, ya ce mini ai ko baƙon direba tana kula da cikinsa, wannan halinta ne ga kowa.

Abin da ya kai mu asibiti yanka ne. Wata rana idon ya danne, ta zabge yatsa da wuƙarta, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai kuma wata mai baƙin baki ta ambaci ciwon daji, maganar ta shiga gidanmu ta hana kowa sukuni. A asibitin Jibiya suka duba suka ce wannan sai likitan ido, suka ba mu takarda zuwa Katsina. Yaya ta ce ba za ta shiga mota daga ita sai wancan ba, dole aka jira ranar kasuwa Gwaggo ta zo. Na ari ƙaramar mota, suka zauna baya. Tun daga Jibiya har Katsina ta bakin Gwaggo take yi mini magana: a ce wa direban ga ya rage gudu, a ce wa direban ga ba buhuna ya ɗauko ba. Kafin mu tashi na riga na gaya wa Gwaggo a gefe cewa ina so a gama komai da wuri, don jibi zan ɗauki kaya zuwa Arlit, can ƙuryar Nijar, kuma zan yi wata biyu. Ban gaya wa Yaya ba tukuna, na bari sai ranar sallama kamar kullum.

Duk direba ya san halin mota: ta yi ta ƙara a hanya, ana isa gaban bakanike ta yi tsit. Haka ƙullutun nan ya yi mana. Ranar ya sace, sai ɗan tudu da kyar ake gani. Likitar mace ce, ba ta kai ƙanwata ta uku ba a shekaru, mai magana a hankali. Ta sa Yaya ta dubi ƙasa wajen hancinta, ta ɗaga fatar idon ta juya ta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce akwai tabo a ciki, irin wanda ciwon ido na yarinta ke bari, kuma tana hango wata 'yar jaka a kwance can gefe, amma tana son ganinta a cike kafin ta yanke magana. Sai ta tambaya yaushe yake kumbura. Yaya ta ce in ta yanka albasa. Likita ta ce kullum take yanka albasa, kullum yake kumbura? Yaya ta ce wata albasar ta fi wata.

Don ta kashe musu, sai ta zura hannu a jaka ta fito da albasa da wuƙarta. Ashe da su ta zo. Likita ta yi murmushi ta ce bismilla, ai ita ma abin da take so ke nan, hawaye su zo ta ga yadda abin zai yi. Yaya ta shiga yanka a tafin hannu, cikin ɗan ƙaramin ɗaki mai rufaffiyar taga. Kafin ta gama rabi nas ta fara jan hanci. Likita ta cire tabarau tana share ido. Ni kaina hawaye sharɓe-sharɓe. Muka duba Yaya, idonta ƙamas kamar an shanya. Shekara arba'in tana wannan aiki, albasa ta daɗe da sallama mata.

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta juya ga likita.

"Lokotoro, ƙarya takai. Matag ga albasa ba ta sa ta hawaye tun muna 'yan mata. Ni na san ranakkun da idon ga ka kumbura. Duk ran da ɗan ga nata ya hau kamiyo, babbar motag ga tashi, ya tahi, in ya ba da baya, sai ta shige bayan rumhwa ta ɗauki albasa. Shi bai taɓa gani ba, don kahin shi komo ya sace."

Yaya ta ce Gwaggo tsohuwar banza ce, kuma a tashi a tafi gida. Likita 'yar Hausa ce, ta gane inda maganar ta dosa, ta tambaya a hankali ko ni ne na fari. Aka ce ni ne. Ta dubi ƙofa, ina ganin tana shawarar ta fitar da ni waje. Gwaggo ta riga ta. Ta zungure ni ta ce in faɗa wa uwata abin da na faɗa mata da safe.

Na ce, "Yaya, jibi in Allah ya so za ni Arlit. Sai bayan wata biyu."

Ta ce Allah shi kiyaye, da muryar nan tata ta kullum, ta juya fuska ga bango. A tasha da nan zan miƙe in kama hanya. Ranar babu inda za ni, ita ma babu bayan rumfa da za ta shige. Ta ja bakin mayafi ta kai ido sau ɗaya, sau biyu. Da aka jima likita ta taɓa kafaɗarta ta ce, Inna, juyo in gani. Ta juyo. Fatar idon hagu ta tasa, tana ƙyalli.

Likita ta sa aka kashe wutar ɗakin, ta sake ɗaga fatar, sai ga jakar ta ɓullo, shuɗi-shuɗi, ta cika tam. Ta ɗora mata 'yar tocila daga gefe. Abin ya kama haske gaba ɗaya kamar ƙwan fitila. Ta ce in matso in gani, na matso. Ta yi mini bayani cewa da tsiro ne na nama, haske ba zai ratsa shi haka ba, wannan ruwa ne zalla. A daidai wurin nan maɓuɓɓugar hawaye take, kuma tana da 'yan ƙananan hanyoyi da hawaye ke bi su sauka cikin ido. Ɗaya daga cikinsu ce ta toshe, wataƙila saboda tsohon tabon nan, sai hawayen da suka biyo ta suka rasa mafita, suka taru suka buɗa ta ta zama jaka. Shi ya sa huda ba ta magani, in an tsiyaye yau gobe ta sake cika. Ta ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, ita ma kaɗan ta taɓa gani, kuma an sha ɗaukarsa hazbiya.

Ni dai rabin bayanin daga baya Gwaggo ta maimaita mini. Ina tsaye ina kallon ɗan hasken nan a idon mahaifiyata, na san na wane ne abin da ke ciki. Na tuna makon da na karye, da idon da aka ce ya rufe ruf. Farin ciki ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, da kunya mai yawa a tare da shi.

Muryar Yaya ce ta dawo da ni. Ta ce, "Likita, kashe hitilar ga hakanan. Kin tona ni."

Aka tura mu ɗaukar hoton cikin wurin, don a tabbata abin bai yi jijiya zuwa bayan ido ba, hoto ya nuna jaka ce ita kaɗai, ba ta taɓa ƙashi ba. Aka maƙala mata wata 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa, a ga yawan hawayen da idon ke yi, aka ce da sauransu. Da likita ta ce maganinsa aiki ne, za a cire jakar ɗungurungum, mun zaci Yaya za ta yi gardama. Sai ta ce tunda za a shiga, a haɗa da maɓuɓɓugar duka a cire, ta huta da abin kunya. Likita ta yi dariya ta ce wannan ne ba za ta yi ba, ai wahalar aikin ma ita ce a ɗauke jakar ba a taɓa sauran hanyoyin ba, don idon da babu hawaye bushewa yake yi, ya yi ta zafi kamar an zuba yashi. Ta ce hawaye ba don kuka kaɗai aka yi su ba, su ke wanke ido dare da rana. Yaya ta ce to a bar mata na wanka, a kwashe na kuka. Aka ce mata tare suke.

Na ba wani abokina tafiyar jibin, na ɗaga tawa. Ranar aiki ba a sa ta barci ba, allurar kashe wurin aka yi mata, aka bi ta cikin fatar ido don kada a bar tabo a waje. Bai kai awa ɗaya ba. Nas ta fito tana dariya ta ce tunda aka fara Inna ke koya musu yadda ake dafa wake ya yi laushi ba a cika kanwa ba. Likita ta nuna mana abin a cikin 'yar kwalba, ya fito bai fashe ba, kamar ƙwan ƙadangare. Ta ce fitarsa cif haka shi ke hana shi dawowa, kuma za ta aika a gwada don hankali ya kwanta. Aka rufe idon da bandeji kwana ɗaya, aka ba mu maganin ɗigawa. Ranar da muka koma aka ce ba daji ba ne, Gwaggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti har masu gadi suka leƙo.

Gwaggo ba ta da ƙulli a baki. Kafin bandeji ya fita duk Magama ta ji labarin yadda albasa ta sa likita kuka ta bar Inna. Yaya ta yi kasuwa biyu ba ta yi mata magana ba, ta uku suka shirya a kan buhun albasa. Daga nan maganar ta shiga tasha. Direba in ya rabu da iyali idonsa ya yi ja, sai ya ce albasa ce, a yi dariya a bar shi.

Ido ya warke sumul, bai ƙara tasawa ba har ta koma ga Allah. Sai ni na shiga wani tunani na wauta. Na ce wa Gwaggo, dubi rashin sa'a irin tawa, ranar da na samu shaida, a makon aka yanke ta aka sa a kwalba. Yanzu ko ta yi, ko ba ta yi ba, ba mai sani. Wasa na yi, amma da gaske a ciki. Na manta wa nake gaya wa.

Da tafiyar Arlit ta zo na je sallama. Yaya tana duban tukunya ta ce Allah shi kiyaye, ta tura mini ƙunshin guzuri da ƙafar ludayi. Sai da na yi nisa na tsaya cin abinci na kwance. Ga dambun nama, ga ƙuli-ƙuli, ga kuma albasa ɗaya, ja, ba a yanka ba, a naɗe cikin ƙyalle ita kaɗai. Yaron motata ya ce an manta ba a yanka mana ba. Na ce masa ya ci abin da ke gabansa.

Shekara takwas ta yi bayan aikin, kuma ban yi tafiya ɗaya babu albasar nan ba. Nakan ajiye ta gaban mota, sai ranar da na juyo gida in yanka in ci. In na dawo na je gaisuwa in ce, Yaya, albasa ta yi daɗi. Ita kuma ta ce ta Gwaggonka ce, ita mi ta sani. Iyakar hirarmu ke nan a kan maganar. Kada in yi mata ƙarya tana kabari: har ta rasu ba ta kira sunana ba, ba ta dube ni cikin ido ba. Ni ma ban ƙara nema ba, abin da nake nema na samu.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba, kwana tara ne. Babbar 'yata ce a kanta, wadda ita ta raine ta tun yaye, ta kuma zuba mata duk gatan da al'ada ta hana ta zuba mini. Ta cika da la'asar, da kalmar shahada a bakinta, ina gari. Na yi mata salla, na sa ta a makwancinta da hannuna, idona a bushe. A zaman makoki ma da ake ta dariya da kuka, ni dariyar kaɗai na taya. Mutane suka ce ɗan Inna ne, ya gado ta.

Bayan addu'ar arba'in kaya suka samu zuwa Maraɗi. Na shirya da safe, ƙafata ta ɗauke ni har ƙofar ɗakinta kafin in tuna babu wanda zan yi wa sallama. Ina juyowa sai ga babbar 'yata da ƙunshi a hannu. Ta miƙo mini tana duban gefe, ta ce Inna ta bar mata wuƙar, ta kuma ce kada a kuskura a bar direban ga ya tafi hannu sake. Na buɗe baki zan kira sunanta in yi godiya, ya maƙale, don 'yar farina ce, ni ma ban taɓa kira ba, abin a jini yake. Na ce, yarinyar ga, an gode. Ta yi dariya ta shige ciki.

Na ɗora albasar gaban mota. Na wuce rumfar a Magama, ƙanwata ce a ciki tana faɗa da 'yan dako, na daure. Sai da na tsallaka, na tsaya a shingen jandarmomin Nijar, abin ya zo mini gaba ɗaya, na kifa kai a sitiyari. Wani jandarma ya hau matakala ya leƙo yana neman takardu, ya gan ni haka, ya ce, "Direba, lahiya?"

Na ce, "Albasa ce."

Ya dubi albasar, ko ɓawonta ba a taɓa ba. Ya dube ni. Ashe ya taɓa cin abinci a rumfar. Ya sauka bai karɓi takardun ba, ya ɗaga mini shinge, ya ce Allah shi jiƙan Inna.

Amin. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mata, ya saka mata da kowane ludayi da ta ƙara wa mai jin yunwa. Ya saka wa likitar da ta haska tocila da alheri, ya ƙara wa Gwaggo lafiya da tsawon baki. Ita kuma Yaya, Allah ya saukar da ita gidan da ba a kuka, balle a nemi abin fakewa.